Hannun Da Ba A Kwancewa

A zamanin da, lokacin da sarakuna ke raba gardama da takobi, in sun gaji kuma su nemi wata hanya, an yi wani Sarki a wata ƙasa mai gulbi a gabashinta. Sarki ne mai kirki gwargwado, ba ya cin zali, ba ya barin shari'a ta kwana. Aibinsa guda ne: in ya so abu, ba ya son jin komai a kansa sai yabo. Abin da ya fi so a duniya kuwa shi ne dambe.

A bakin gulbin nan akwai wani gari ana ce masa Mashaya, inda fatake ke fito da kayansu. Sarkin Ƙetare, mai mulkin ɗaya gaɓar, ya daɗe yana cewa garin na kakanninsa ne. An yi yaƙi biyu a kan maganar, ba abin da aka samu sai marayu. Rannan, bayan an gama girbi, sai ga manzonsa a fada da takarda. Waziri ya karɓa ya karanta a gaban fadawa.

Takardar ta ce a daina zubar da jinin talakawa. Kowane Sarki ya kawo ɗan dambensa nan da kwana arba'in, su yi turmi uku, wato zagaye uku, a kan yashin gulbi, wanda aka kayar da nasa ya haƙura da Mashaya har abada. Ta ce nasu sunansa Arzika, na wannan ƙasa kuwa kowa ya san Nomau ne, kada a canza shi. A ƙarshe ta kafa sharaɗi: a kwance hannun kowane ɗan dambe a fili, a gaban Sarakunan Fawa na ƙasashen biyu, a sake ɗaure shi kowa na gani. Domin, in ji Sarkin Ƙetare, suna jin labarin hannun da ke fasa gungumen kirya, su kuwa a wajensu ƙarfe kaɗai ke wannan aiki.

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce ya yarda, tun kafin Waziri ya naɗe takardar. Waziri dattijo ne mai suna Ɗayyabu, wanda ba ya barin amsa ta fita daga fada sai ya ɗan soka wani abu a ciki. Ya nemi izini ya ƙara layi guda: tunda Mashaya tana hannunsu, nauyin kisa, wato kayar da abokin karawa, yana kan mai nema, in an tashi turmi uku ba wanda ya kai ƙasa, gari ya zauna inda yake. Sarki ya ce a rubuta in ana so, amma ɓarnar tawada ce, don Nomau ba ya kai turmi na biyu.

To, bari in gaya muku wanene Nomau. Ɗan mahauta ne, haifaffen Mashaya ɗin nan. Shekara goma sha ɗaya kafin wannan rana ya zo birni yana saurayi, ya shiga fili da babban ɗan damben Sarki na lokacin, ya yi masa naushi guda, mutumin ya zube. Jama'a suka ji ƙarar naushin. Nomau kaɗai ya ji ƙara ta biyu, wadda ta fito daga tsintsiyar hannunsa na dama. Ya je ya durƙusa gaban Sarki da niyyar ya faɗa, amma kafin ya buɗe baki Sarki ya miƙe, ya yafa masa alkyabbarsa, ya ce daga yau hannun nan na Sarki ne, duk wanda ya ce yana da aibi a yanke masa harshe.

Makaɗin Nomau, wani mai kalangu da ake kira Anaruwa, ya mintsine shi ya ce ya yi shiru tukuna. Da suka keɓe Nomau ya ce zai tafi gida, don maɗoran ƙasar duk a Mashaya suke, dangin uwarsa ne ma. Anaruwa ya ce in maɗori guda ya gani da safe, kafin la'asar kasuwa ta ji, alkyabba kuma ta koma inda ta fito. Ya ce a bari a karɓi gida da doki, sa'an nan a san abin yi. Shi da kansa ya ɗaure karayar da 'yan karare, ya naɗe da ƙyalle da igiya irin ɗaurin dambe. Aka karɓi gida, aka karɓi doki, mako ya zama wata. Ƙashi ya haɗe a karkace, yatsu suka lanƙwashe, hannu ya bushe.

Anaruwa kuwa Allah ya ba shi baki. Ya baza labari cewa hannun yana da iska, in aka kwance shi duk abin da ya taɓa sai ya mutu. Ya yi wa Nomau take mai tayar da tsikar jiki. Da an taru a fili, ya buga, Nomau ya fito yana tsuma da hannu a sama, sai ka ga 'yan dambe kowa na duban ƙasa, wani ya tuna yana ciwon kafaɗa, wani ya tuna an aike shi. Da ya lura mutane sun soma gajiya da ɗan damben da ba ya dambe, sai ya ƙirƙiro wasan gungume. Kowace kaka a kawo gungume baƙi wuluk, a ce kirya ce, Nomau ya naushe shi ya tarwatse. Gungumen nan na rimi ne. Su biyu suke binne shi a gindin suri wata uku, gara ta cinye cikinsa, su shafe bayansa da man kaɗe da baƙin tukunya. Bayan wasa Anaruwa ya tattara guntayen duka, ya ce akwai dafi a jikinsu. Sarki kuwa kowace shekara sai ya ce a kawo wanda ya fi na bara girma.

Wanda ya ga Nomau a kan doki sai ya ce ba wanda ya kai shi jin daɗi. Ni kam tausayi yake ba ni. Gidansa babba ne, amma ba bara ba baiwa da ke wuce zaure. An yi masa tayin aure sau da yawa, ya ce iskar hannun ba ta yarda ba. Shi ke jan ruwansa, shi ke faskarensa, shi ke wankinsa, duka da hannun hagu. Da hagun yake cin tuwo, ƙofa a rufe, yana jin kunyar kansa. Shekara goma sha ɗaya bai yi musafaha da kowa ba. Mashaya tafiyar wuni guda ce, amma bai taɓa komawa ba. Uwarsa ta aiko ta aiko har ta gaji, shi kuma ya riƙa aika mata zannuwa, don ya san Inna ba ta tsoron iska, da ta gan shi za ta ce kwance in gani.

Da labarin takarda ya iske Nomau, ya zauna a bakin rijiya ya duba hanyoyinsa. In ya gudu, an ba da Mashaya, uwarsa da danginsa sun zama talakawan wani Sarki. In ya faɗi gaskiya, harshensa ne, ƙila har da kansa. In ya je fili, za a kwance hannun a gaban ƙasa biyu. Wasan da suka ƙirƙiro don kada a taɓa shi, shi ne ya sa aka ce sai an duba. Anaruwa ya zo da dabaru iri-iri, har da cewa a ce iskar ta hana kwancewa ranar Alhamis, ranar da aka sa damben, Nomau bai ko ɗaga kai ba.

Ana haka Sarki ya ce a yi wasan gungume don manzon Ƙetare ya gani ya kai labari. Aka yi. Nomau ya naushi gungume, zafin ya ratsa shi har ƙeya, gungume ya watse, manzo ya riƙe baki. Sai dai wani guntu ya yi tsalle ya faɗa kusa da Sarkin Maƙera. Kowa ya san maƙeri da gawayin kirya. Tsoho ya duba hagu ya duba dama, ya jefa guntun a aljihu. Da ya je maƙera ya sa a wuta, abu ya ci bal-bal kamar tattaka, ya bar jar ƙasa a murhu. Ya ciro ragowar, ya tafi gidan Waziri, ya ajiye a gabansa, ya dafe bakinsa da hannu, don yana son harshensa. Waziri ya murza guntun, ƙasar gara ta zubo. Shi ma ya san gara ba ta cin kirya.

Bayan azahar Waziri ya tafi gidan Nomau shi kaɗai, ya yi sallama sau ɗaya, ya wuce zaure ba a ba shi izini ba. Ya tarar da shi yana jan guga da hagu, in ya jawo ya take igiyar da ƙafa, ya sake jawowa. Waziri ya tsaya yana duban damtsen hagun nan, sa'an nan ya miƙa hannu ya ce su gaisa.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san hannun nan ba ya taɓa mutum."

Waziri ya ce, "Na tsufa, Nomau. In iska ce ta ɗauke ni, na yafe maka. Kwance."

Nomau ya dubi hannun. Sa'an nan ya kama bakin igiya da haƙori ya soma warwarewa. Da ƙyalle ya faɗi, Waziri ya ga abin da ke ciki, fari fat, siriri, a murɗe. Ƙaton mutum ya zauna a ƙasa ya yi kuka, ya ba da labari tun daga farko. A cikin kukan har da wani irin sauƙi, don wannan ne karo na farko da wani ya ga hannun ban da Anaruwa. Ya roƙi Waziri ya sa a kashe shi a asirce, a ce ciwo ne, ko a ba da damar kawo wani. Waziri ya ce takarda ba ta ce haka ba, in Nomau bai tsaya a yashi ba, ko da mutuwa ce ta hana shi, Ƙetare za su ce an gudu.

Washegari Waziri ya sa aka kawo kasko biyu da wuta a tsakar fada. Sarkin Maƙera ya sa kirya ta gaske a ɗaya, ya sa guntun gungumen Nomau a ɗaya. Kafin kirya ta kama, ɗayan ya zama toka. Sarki ya tambayi ma'anar wannan. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, amsar tana bakina, amma akwai doka a kan harshena. Shekara goma sha ɗaya tana kan harshen kowa a ƙasar nan, har da mai hannun."

Fuskar Sarki ta canza. Ya ce ya ɗage dokar. Aka sallami fadawa, aka shigo da Nomau, ya kwance.

Fushin da Sarki ya yi ba ya faɗuwa. Ya ce a kira hauni mai sare kai, ya ce a kamo Anaruwa, ya ce a rubuta wa Ƙetare an fasa. Waziri ya bari ya gama, sa'an nan ya ce maganar Sarki ta riga ta haye gulbi, ba ta dawowa. Ya ce in an sare Nomau yau, an sare Mashaya tare da shi. Ya tuna masa layin nan da aka ce ɓarnar tawada ne: ba a bukatar Nomau ya kayar da kowa, abin da ake bukata kada ya faɗi. Ya ce kuma takarda ta ambaci Nomau, ba ta ce dole dama zai ɗaure ba, ga hagu nan da ta yi shekara goma sha ɗaya tana aikin hannu biyu.

Sarki ya dubi Nomau ya ce, "In gwiwarka ta taɓa yashi, kanka zai bi ta."

Nomau ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Da ma in ta taɓa ba ni da inda zan kai shi."

Kwana talatin da suka rage, Waziri ya kawo Sarkin Fawa, tsohon ɗan dambe ne, ya rantsar da shi, ya rufe su a gidan. Sarkin Fawa bai ɓoye masa komai ba. Ya ce a dambe hannun da aka ɗaure yana baya, wanda ba a ɗaure ba shi ke gaba yana tare duka. In an ɗaure hagu, to, busasshen hannun nan shi zai zama garkuwa, duk naushin da Arzika ya kawo a kansa zai fara sauka. Ya ce Arzika yaro ne ɗan shekara ashirin da biyar, dambe yake yi na gaske, shi kuwa Nomau rabonsa da a naushe shi har ya manta. Saboda haka ba naushi ya koya masa ba, tsayuwa ya koya masa. Kullum ya sa shi a rana, ya yi ta jibgarsa da buhun yashi har sai ƙafafunsa sun daina rawa.

Ranar Alhamis ta cikon arba'in aka cika bakin gulbi, gaɓa da gaɓa. Sarakuna biyu suka zauna a rumfunansu. Mutanen Mashaya suka yi layi a gaba, fuska a sake, don a ganinsu an gama magana. Arzika ya fito, dogo, baƙi, amma idonsa ya faɗa, ga alama kwana arba'in ɗin nan bai ci abinci da daɗi ba. Anaruwa ya ɗaga kalangu zai buga taken nan, Nomau ya ce masa ya ajiye, in zai buga ya buga na mahauta, wanda ake yi wa kowane ɗan fawa.

Aka kwance hannun Arzika, aka duba, aka ɗaure. Aka zo kan Nomau. Sarkin Fawan Ƙetare ya tsaya nesa yana karanta addu'a, ya ƙi taɓa igiyar. Nomau ya warware da kansa, ya ɗaga hannun sama yadda na can baya ma za su gani, ya juya da shi gabas da yamma. Wuri ya yi tsit. Sai wani a cikin mutanen Ƙetare ya tuntsire da dariya, dariya ta bi gaɓar nan tasu har ƙarshenta. A wannan gaɓa ba wanda ya yi motsi. Nomau ya ji dariyar ba ta yi masa ciwo kamar shirun ba. Ya miƙa hagu aka ɗaure.

Turmi na farko Arzika ya shigo da murna irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ya kawo naushi, busasshen hannu ya tare. Nomau ya ga wuta a idonsa, ya cije. Ya kawo na biyu, ya kawo na uku, duk a wuri guda, don ya gane inda ciwo yake. Da aka raba su hannun ya kumbura ya yi jawur. A turmi na biyu Arzika ya saki jiki ya matso da yawa, Nomau ya sakar masa hagun nan ta jan guga a haƙarƙari. Yaron ya ja da baya taku uku yana neman numfashi. Bai faɗi ba, amma daga nan dariya ta ɗauke a Ƙetare.

Turmi na uku ba wani abin ado a cikinsa, duka ne kawai. Hannun dama ya daina ɗaguwa, naushi ya riƙa sauka a fuska. Ido ɗaya ya rufe, jini na zuba a ƙirji. Sau biyu gwiwarsa ta lanƙwashe har ta kusa yashi, sau biyu ya miƙe da ita. Mutanen Mashaya, waɗanda ɗazu kunya ta hana su ɗaga kai, suka soma kiran sunansa. Ba kirarin Anaruwa suke yi ba, Nomau kawai suke cewa, yadda suke kiransa yana yaro. Arzika ya yi ta duka har nasa hannun ya yi nauyi, numfashinsa ya sarƙe a haƙarƙarin da aka nausa. Sarakunan Fawa suka shiga tsakani, suka ce turmi ya cika, ba kisa. Arzika ya dubi mutumin da ke tsaye a gabansa yana layi, ya sunkuya ya gaishe shi. Sarkin Ƙetare ya sa aka sake karanta takarda, ya ji layin Waziri, ya tashi ya shiga jirginsa.

A nan bakin gulbi Sarki ya yi hukunci. Ya ce Anaruwa zai zaga kasuwannin ƙasar duka da gungumen rimi a ka, ya faɗa da bakinsa yadda ake binne shi, tunda bakin ne ya yi ɓarnar. Ya ce gida da doki da alkyabba sun dawo fada, don da ƙarya aka ci su. Sa'an nan ya ce akwai mai laifi na uku, shi ne wanda ya ɗaure harshen mutane kuma yake neman gungumen da ya fi na bara, wannan ba mai hukunta shi sai Allah, amma daga yau ba sauran abin da za a hana faɗa masa a fada. Ya juya ga Nomau ya ce saboda tsayuwar yau ya roƙi abin da yake so.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in tafi gida, kuma kada a sake ɗaure mini hannu."

Aka ba shi. Ya juya zai nufi gari, sai ya ga mutane suna darewa. Wata tsohuwa ce ke tahowa da sanda, ba ta sanye da ko ɗaya daga cikin zannuwan da ya yi ta aikawa. Ya durƙusa ya ce, "Inna." Ta kama hannun daman, ta bi shi da yatsu a hankali tun daga gwiwa har tsintsiya, yadda ta ga ubanta da 'yan'uwanta suna yi tun tana yarinya. Ta tsaya a wurin tsohuwar karayar, ta danna, ta sake dannawa.

Ta ce, "Wannan ce ta hana ka zuwa?"

Ya ce ita ce.

Ta ce, "Karaya ce mai sauƙi, Nomau. Da ka zo a makon, kwana arba'in kawunka zai yi ya sallame ka."

Ba ta saki hannun ba. Da shi ta ja shi, a gaban Sarki da Waziri da jama'a duka, suka hau gangaren Mashaya.